Gammon Sojan Igwa

Funtua zuwa Malumfashi

Da asuba na hau motar auduga, a shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Ƙanena Garba ya shiga soja, aka sa shi cikin masu ƙaramar igwa, tun daga nan Inna ta daina cin abinci. Na ce maganinta Kawu Audu, wanta, wanda ya yi yaƙin Bama.

Direba ya ɗora ni kan buhuna. A Bakori na ci ƙosai mai zafi, mota kuwa ta sha ruwa har ta fi ni ƙoshi. Da hantsi na sami Kawu a gonar dawa, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Igwa?" in ji shi, ya yar da fartanya. "Mu tafi!"

Komowa

A shingen sojoji Kawu ya ƙame ya sara wa wani kofur, sa'an jikansa. Kunya ta kama kofur, ya ɗaga mana sanda ba bincike.

Daga nan bakin Kawu bai huta ba. Wai igwar kashi uku ce: bututu, ƙafafu da farantin ƙarfe, kowane da mai ɗaukarsa. A bayan tudu ake kafa ta, a harba sama, harsashi ya faɗo wa abokan gaba a rami. Shi a Bama faranti ya ɗauka a ka, farantin ne ya cinye masa gashi.

Da muka kusa Funtua ya rage murya, ya ce, "Su ma can suna da irinta. Wannan kada ka faɗa wa uwarka."

Gida

Inna ba ta bari ya gama shan ruwa ba.

"Yaya, a gaba ake sa su?"

"Ina! A bayan tudu suke. Abin da ke damunsu nauyi ne kawai." Ya cire hula ya nuna mata sanƙo.

Ta yi dariya, ta ci tuwo. Sannan ta yage sabon zanenta, ta naɗa gammo mai kauri, ta miƙa mini.

"A aika wa Garba. Kada ya dawo mini da kai irin na kawunka."

Na karɓa, ban iya kallon Kawu ba. Na gode Allah da ya dawo da mu lafiya. Saura Garba.