Tambayar da Inna Ta Koya Mana

Ƙanshin bandar kifi ne ya tuna mini da Inna yau, da wata tsohuwar ɗalibarmu ta kawo mini tsaraba daga Wara.

Inna muke kiran shugabar makarantarmu, a farkon zamanin jihar Kebbi. Ta je wani horo a Yelwa, inda ma'aikatan lafiya suka koyar da yadda ake gane mai shirin kashe kansa. Da ta dawo ta tara mu malamai ta ce, "Ku daina rufe wa yaro baki da 'sai haƙuri'. Ku tambaye shi ƙiri-ƙiri." Muka ce subhanallahi, ai tambayar ce za ta sa masa abin a rai. Ta ce, "Mu ma haka muka ce, aka nuna mana kuskurenmu."

Ana nan kwalekwale ya kife da mahaifin wannan ɗalibar ya rasu, ta fara rabar da kayanta. Ni da Inna muka same ta a bakin ruwa kusa da masu banda, hayaƙi na cin ido. Inna ta zauna a yashi dab da ita ta ce, "Ɗiyata, kina tunanin kashe kanki?" Yarinyar ta ɗaga kai, ta fashe da kuka. Inna ta riƙe hannunta har gida, washegari har asibiti.

Yau yarinyar ungozoma ce, ga 'ya'yanta ga dariyarta. Allah ya jiƙan Inna, ya ɗebe mata kewar kabari, kamar yadda ta ƙi barin yarinyar nan ita kaɗai.