Muryata ta tafi, aka ba ni tulu

'Yan'uwa cikin Almasihu, na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Masu cewa Maman Hannatu ta yi fushi ne, ku zauna ku karanta.

Tun da muka zo Abakpa Nike, a ƙasar Inyamurai, ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta sujadar Hausa. Ni nake ɗagawa, mata su amsa.

Da sarƙar wuya abin ya fara, ta soma matse ni. Sai tuwo ya riƙa tsaya mini a maƙogwaro. Na rufe kumburin da mayafi, na ci gaba da awon wake a kasuwa, har 'yata Hannatu ta ja ni asibiti.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton wuya, aka soka allura cikin kumburin. Maƙoƙo ne, ba daji ba, amma sai an yi aiki. Jarin waken duka a nan ya ƙare. Likita ya ce, "Mama, jijiyar murya tana kusa da wurin. Za mu yi hankali, amma ban yi miki alkawari ba."

Ban ji tsoron mutuwa ba. Wannan maganar ce ta tsorata ni.

Da na farfaɗo bayan aikin na kira Hannatu, iska kawai ta fito.

Kun san al'adarmu, zumunta kan sa anko ta je ta yi wa mara lafiya waƙa a bakin gado. Suka zo. Rifkatu ce ta ɗaga, yarinyar da ni na koya wa yadda ake jan numfashi. Ina kwance da bandeji, na kasa kunne ina neman kuskurenta. Ban samu ko ɗaya ba. Wata Inyamura a gadon gefe, da ba ta jin kalmar Hausa, har hawaye ta yi. Ni kuwa na juya fuska bango. Suka ɗauka ciwo ne.

Kishi ne. Na kira shi da sunansa.

Bayan an sallame ni na ƙi zuwa sujada, na ce ɗinki bai warke ba. Amma duk bidiyon da aka turo na Rifkatu sai na kalla, in ga ta ɗaura ɗankwali irin nawa, in ji ƙirjina na zafi. Addu'ata ɗaya ce: Yesu, ka mayar mini da abuna.

Wata rana Hannatu ta same ni da wayar. Ta ce, "Mama, shekarar da na yi kuka don takalmin Kirsimeti na Ngozi 'yar maƙwabtanmu, me kika ce mini?"

Na harare ta.

"Kin ce mai Yesu ba ya leƙen kwanon wani. Har bulala na sha."

Da ina da murya da ta ji tsawa. Da yake babu, dole na zauna da maganar.

Ranar Asabar Rifkatu ta shigo da tulun kiɗa a ka. Ta durƙusa ta ce, "Mama, mai buga mana ta koma gida Kafanchan. Babu kiɗa, waƙa tana ta gudu da ni. Ki zo ki riƙe mana."

Na raɗa mata, "Saurinki ya yi yawa a baiti na biyu."

Ta yi dariya. "Shi ya sa na zo."

Yau na warke. Ina haɗiye tuwo, ina shan ƙwayata kowace safiya. Murya ta dawo a dishe, ta isa ciniki da faɗa da yara, ba ta isa waƙa ba. Na daina roƙon ta. Wadar zuci nake roƙo yanzu, domin wata Lahadin kishin kan tashi, sai in kai shi gaban Ubangiji tun kafin a yi baiko, wato tara sadaka a sujada.

Na gode wa Allah, da likitoci, da Hannatu, da matan da suka yi ta kawo kunu.

Mata, in kun ga kumburi a wuya ku daina rufe shi da mayafi, ku je asibiti. Ku tambayi likita komai kafin aiki. Kada ku yi wasa da magani. Abin da kuke koya wa 'ya'yanku kuma, ku sani wata rana za a tambaye ku shi.

Mai nemana ranar Lahadi ya duba layin baya. Ina nan da tulu a cinya, Rifkatu tana ɗagawa, ni ina riƙe mata kiɗa.