Ashe Babu Cip a Motata

Jama'a, yau na gano watanni ana yi min dariya a garin nan!

Kun tuna cip ɗin da na sayo don ƙara wa injin motata ƙarfi? Aminina Isufu na bai wa ya saka min.

Ɗazu na kai ta gareji a Pleasant Garden juyen baƙin mai. Na ce wa makaniken ya duba min cip ɗin. Ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce, "Babu komai a nan. Yadda kamfani ya yi ta, haka take."

Nan take na kira Isufu! Sai ya ce, "Wallahi Maman Amira ce ta haɗa ni da Allah kada in saka."

Matata fa!

Na iso gida ina huci. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Baban Amira, a motar nan kake kai 'yata makaranta. Kuma ba ni kaɗai ba ce, duk abokanka sun sani."

Wato ku ke nan! Kullum ina cika baki wai motar ta ƙara gudu, kuna ce min ma sha Allah!

Wanda bai sani ba ya yi magana yanzu. Ina jira.