Helima Tanko Ya Dawo Aiki

Bana shekara talatin da shida ke nan da muka kai Sabo Masaƙi makwancinsa a Panshekara, Allah Ya jaddada masa rahama. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya zagayo, addu'a nake yi masa in ja bakina in yi shiru. Bana kam shirun ya gagara, domin an dawo da wasan kwaikwayon da ya sa Kano ta san shi, kuma na yi wata da watanni hankalina a tashe kan abin da za a mayar da wasan nan.

Ga waɗanda ba su riske mu ba, Sabo ma'aikacin masaƙa ne a Sharada. Ni kuma kamfanin jima nake a Challawa, shi ya sa yake cewa hancinsa ke fara gaisawa da ni kafin idonsa. A ƙarshen shekarun 1970 muka haɗa 'yar ƙungiya, gidan talabijin ya ba mu fili sau ɗaya a mako, muka sa wa wasan suna "Jiniya Ta Buga". Sabo ne Helima Tanko, shugaban leburori mai tumbin tsumma, mai tsawa ga na ƙasa da shi, mai rawar jiki da zarar ya ji takun manaja. Ni ne Maigadi, aikina barci da musu, kuma matata ta ce ban taɓa buƙatar gwaji ba.

Ba ma rubuta komai. Sabo yana da tasa hanyar. A bakin ƙofar masaƙarsu akwai rumfar Ladi mai shinkafa da wake, inda masu fitowa daga aikin safe ke haɗuwa da masu shiga na rana. Nakan tako kekena daga Challawa in same shi can. Zai zauna da kwanonsa kamar kowa, sai ya saki barkwancin da yake so ya sa a bakin Helima, ba tare da ya ce gwaji yake ba. In mutane suka ƙware da dariya har Ladi ta miƙo ruwa, maganar ta shiga wasa. In aka ci gaba da tauna, ko shi ya fi kowa son ta, a nan rumfar za a bar ta.

Sai siyasa ta dawo, ba a jima ba jam'iyyar da yawancin ma'aikata ke yi ta dare gida biyu. Benci biyu ne a rumfar Ladi, kowane ɓangare ya kama ɗaya. Mutanen da suka shekara suna aron barkono a kwanon juna suka koma gaisuwa da ka. Sabo ɗan a-mutun ɓangare ɗaya ne, ni ina ɗayan, kuma har gobe ni nake da gaskiya.

A ɓangarenmu akwai wani jigo mai yawan gyaran murya da kaɗa hannun riga kafin ya yi magana. Wata rana Sabo ya miƙe a rumfa ya kwaikwaye shi tsaf, ya ƙara da baƙar magana a kai. Bencinsu ya kife da dariya. Namu ko tari babu. Ladi ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Malam Sabo, yau rabin rumfa ka ciyar."

"Rabin da ke da kunne ne," in ji shi.

Ya sa abin a wasa, ya ƙara wani, ya ƙara wani. Ba zan yi wa mamaci ƙarya don ina son sa ba: watannin nan su ne mafi muni a aikinsa. Helima, wanda da muke dariyarsa don kowa yana da irinsa a wurin aiki, ya koma mai jawabi. Tumbin yana nan, tafiyar tana nan, amma kana ganin ya buɗe baki ka san inda zai sauka. Ina tsaye kusa da shi a gaban kyamara da sandar gadina, ina jin haushi iri biyu, na ɗan adawa da na aboki, kuma na abokin ya fi ciwo.

Abin da ya dawo da shi ba maganata ba ce, don ya daina sauraro na. A Panshekara akwai mai kanti da ke fito da talabijin ɗinsa kan tebur ranar wasanmu, a shimfiɗa tabarmi, unguwa ta taru. Sabo yakan tsaya can baya ya ja hula, yana sauraron mutane. Washegarin wani wasa ya zo har ƙofar kamfaninmu, duk da warin da yake tsokana ta da shi.

"Garba," ya ce, "tafi suke yi."

"To ba shi kake nema ba?"

"Ni ɗan takara ne? Tabarma rabi babu kowa, sauran kuma tafi suke yi mini. Ba wanda ya riƙe ciki."

Daga ranar ya koma rumfar Ladi da sabuwar doka: barkwancin da bai taɓa benci biyu ba, ba zai shiga wasa ba. Kada a ce ya bar siyasa. Ya ci gaba da zuwa taro, ya ci gaba da musu da ni har jijiyar wuyansa ta tashi. Helima ma bai daina taɓa 'yan siyasa ba, sai dai ya koma kan abin da kowa ya sani a jikinsa: alƙawarin famfo da ke zuwa da kakar zaɓe ya tafi da ita, da mai neman ƙuri'a da ke cin tuwo da kai yau gobe ya ɗaga gilashin mota. Da aka fara sallamar ma'aikata a Bompai da Sharada, takardar kora ba ta tambayi bencin kowa ba. A lokacin ne ya yi wasanninsa mafi daɗi, ga mutanen da ba su da dalilin dariya. Ba a daɗe ba bayan nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai ƙara tashi ba.

Bara 'yarsa Rabi ta zo gidana da labarin za su farfaɗo da wasan. Na yi murna har ta faɗi wanda zai fito a Helima: wani matashi Nura, wanda jikokina suka nuna mini a waya yana zazzaga wa 'yan wata jam'iyya rashin mutunci, dubban mutane na yi masa jinjina. Na ga za a ɗauko watannin nan da Sabo ya yi nadamarsu a mayar da su su ne shi, yaran yanzu su tashi da sanin Helima Tanko karen farautar wani ne.

Na sha tambayar kaina me Sabo zai ce da wannan zamani. Ina jin waya za ta ba shi tsoro. Shi sai da ya taka ya je ya ga tabarma babu mutane kafin ya farga. Mai barkwancin yau bencinsa na cikin aljihunsa, masu tafi kawai yake gani, wanda ya tashi ya tafi ba ya barin gurbi. Ta ina zai gane an daina dariya?

Na ba Rabi labarin rumfar Ladi tun daga farko. Ta ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku, za mu gwada." Ban kwantar ba. Ashe da gaske take. Rumfar ta daɗe da rushewa, sai ta riƙa tura Nura tashar masu a-daidaita-sahu a Na'ibawa, inda hoton kowane ɗan takara ke manne a bayan wani keke. Ta ce ranar farko ya dawo yana huci, don barkwancin da ya fi ji da shi rabin tasha kawai ya motsa, har wani direba ya tambaye shi ko kamfen ya zo. Ya yi fushi, ya yi musu, ya cire shi. Da na ji an ce ya yi musu kafin ya cire, na ce to, an dace da magaji.

Watan jiya suka tara tsofaffin ma'aikata a wata farfajiya a Kumbotso, da la'asar, suka nuna mana kashi na farko. Na zauna a takure ina jiran inda za a soki wani. Ba a zo wurin ba. Sabon Helima masu dako yake yi wa tsawa a wani sito, don masaƙun sun zama wurin ajiyar kayan waje, kuma har yanzu gwiwarsa na rawa in manaja ya yi tari. Yaron bai kai Sabo ba, tafiyar ta yi masa sauri, sabon Maigadin kuma bai iya barci ba ko kaɗan. Amma na yi dariya har hawaye, na waiga na ga kowa na yi. Wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka, na ji daɗi ƙwarai.

Da aka tashi, wani dattijo ya dafa ni. Malam Hamisu ne, tsohon mai gyaran injin saƙa, ɗan ɓangarenmu na gani-kashe-ni, wanda ya taɓa rantsuwa a gabana cewa shi da Sabo ko a hanya ba gaisuwa. Yana goge ido da bakin rigarsa.

"Allah Ya ji ƙan Sabo," ya ce. "Kai Garba, tuna mini. Wai shi wane ɓangare yake yi ne ma?"

Na dube shi da kyau, na ga da gaske ya manta. Jam'iyyar ta mutu, jigogin sun mutu, musun da ya hana mutane cin abinci a benci ɗaya ba mai iya kawo kansa yanzu. Abin da Sabo ya tsaya a kai da jijiyar wuya ya bi iska, abin da ya tsaya a kai da tumbin tsumma ga shi yana sa tsoho hawaye.

Na sani sarai, amma na ce, "Ni ma na manta, Malam."