Katakon Bayan Gidanmu

Shekarun baya, akwai wata ƙatuwar gwata a bayan gidanmu a Zongo, an ɗora mata katako biyu a matsayin gada. Ta nan mahaifiyata ke tsallakawa zuwa asibiti, tana bismillah tun daga wannan baki har wancan.

Sai abokina, wani makanike da muka tashi tare, mai aiki a Magazin, unguwar makanikai, ya fito zaɓen fidda gwani na majalisa. Ya zo ya durƙusa gabanta ya ce, "Mma, in Allah ya ba ni, da gadar nan zan fara." Ta ce, "Allah ya ba ka, ɗana, kafin katakon nan ya ci ni." Ni kuwa deliget ne lokacin. Har sabon kaftani na ɗinka, ina gwada tafiyar na hannun daman Honarabul a tsakar gida, ƙannena na ta dariya.

Ana cikin haka aka sake yanka mazaɓu. Masu jan layin da suka rasa abin bi, sai suka bi gwatar. Gidanmu ya faɗa sabuwar mazaɓa, na abokina ya tsaya a tsohuwa. Mu deliget ɗin Zongo da ake tsoron yawanmu aka raba mu gida biyu, ko'ina muka zama 'yan tsiraru. Ranar zaɓen ina bakin ƙofa da kaftanina, ko ƙuri'a ba ni da ita. Abokina ya sha ƙasa.

Bayan babban zaɓe na je wurin ɗan majalisarmu, ya ce, "Alhaji, ai gwatar nan ta wancan ɓangaren ce." Na tsallaka wurin ɗayan, ya tambayi inda nake zaɓe. Da na faɗa ya ce, "To ai kana da naka." Haka suka yi ta wasa da hankalina har na gaji.

Da mahaifiyata ta rasu, makara ba ta wucewa kan katakon da mutum huɗu. Ni a gaba, abokina a baya, muka tsallaka da ita zuwa motar da za ta kai mu maƙabartar Tafo. Katako na lanƙwasa, na ji bakina na bismillah irin tata. 'Yan majalisar biyu duk sun aiko da rumfunan kanofi da kujeru, kowa da hotonsa a jiki.

Har yau ina fita in dangwala ƙuri'a, amma wallahi zuciyata ta mutu a kan lamarin. Na gane unguwar da aka yanka biyu ta kowa ce ranar zaɓe, washegari ba ta kowa ba ce. Katakon yana nan. In ya ruɓe, abokina ne ke zuwa da guduma ya canja.