Ciwon da Mijina Ya Ɓoye

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki muna haya a Yamai, unguwar Kirkisoy, tsallaken gada, a wani gida mai ɗakuna a jere da makewayi ɗaya, inda ko tari ka yi sai maƙwabci ya sani. Fari ya koro mutanen karkara sun cika bakin gari, rediyo kuwa ba ta da zance sai na ɓarayin hatsin taimako. Mijina ɗan Maraɗi ne, shi ke riƙe da mabuɗin wata mangaza inda ake tara jar dawar da ake rabawa, aikin da kowa ke yi wa mai shi kallon ɓarawo. Ni da ke dafa masa na san abin da muke ci: tuwon jar dawan nan mai ɗaure ciki da miyar kuka, wata rana ko mai babu.

Da ƙishirwa abin ya fara. Sai ya shanye ruwan randa ya ce maƙogwaronsa a bushe yake. Yana dawowa daga makewayi zai sake ɗaukar buta. Ya rame har na ƙara wa wandonsa mazagi.

Akwai wani maƙwabcinmu mai tebur, yana sayar da taba da ashana a ƙofar gida. Baƙin ciki ne abincinsa, ban taɓa jin ya yabi kowa ba sai mamaci. Shi ya lura da tururuwa suna taruwa a gindin bangon makewayi duk sanda mijina ya fito. Ɗan halak zai ja mutum gefe ya ce ya tafi likita. Shi kuwa mazan gida ya kirawo kallo, ya ɗaga murya don in ji daga madafa.

"Ku zo ku ga ikon Allah! Mu shayi lami muke sha, wani ko har fitsarinsa zaƙi gare shi. Mangaza ta yi albarka!"

Suka yi dariya, har da waɗanda na sha ba su aron gishiri.

Da faɗa na kai mijina dispansar. Ma'aikacin jinyar ya zuba fitsarin cikin wata siririyar kwalba, ya ƙara wani ruwa shuɗi, ya ɗora kan wuta. Muna kallo ya juye ya koma kalar jar ƙasa. Ya ce akwai sukari, amma ba ya nufin mutum ya sha sukari. Ko tuwo ka ci, jiki na mai da shi sukari ya shiga jini. In jikin ya kasa aiki da shi sai ya taru, ƙoda ta zubo rarar cikin fitsari. Ya ce fitsari alama ce kawai, jini ne ke tabbatarwa, don haka mu tafi babbar likita da safe kafin ya ci komai, a ɗiba a auna, a ɗora shi kan magani.

"To mi ya sa suke cewa ciwon masu kuɗi ne?" in ji mijina.

"Don masu kuɗi ne ke zuwa a gwada su. Talaka mutuwa yake yi a ce zazzaɓi."

Na dawo da wannan bayani kamar na yi tsintuwa, na tsaya tsakar gida na zayyana shi. Mai tebur ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madan, ke nan likita ma ta shaida akwai sukarin." Da bakina na ƙara masa hujja. Kafin sati zance ya haye gada, ya isa wurin aiki.

Ranar da mijina ya yarda za mu tafi gwajin jini, ya tashi bai karya ba, yana sa takalmi sai ga mota a ƙofar gida da mutum biyu masu kaki. An kai ƙara, wai muna da buhunan sukari a ɗaki. Suka ɗaga katifa, suka leƙa tukwane, suka zazzage akwatin aurena a gaban matan gida. Ba su sami komai ba sai ragowar dawa a tiya. Duk da haka suka tafi da shi. Da la'asar suka sake shi, har da ba shi haƙuri, ya tako a ƙasa tun daga ofishinsu na Fulato, can cikin gari, unguwa na kallonsa.

Washegari na ce mu tafi. Ya ce, "Ba ni zuwa. Yau fitsari ya kawo mani soja. In jini ya hwaɗi haka nan, wa zai yarda da ni?"

Na yi kuka, na yi zagi, na turo masa yayansa, a banza. Mafi muni, ya rage shan ruwa don kada a riƙa ƙirga shigarsa makewayi, a cikin zafin bazarar Yamai. In ya matsu sai ya kama hanyar bakin kogi. Na tsani gidan nan da duk wanda ke cikinsa, shi ma na ji haushinsa, don ya fi tsoron bakin mai ashana a kan ya bar ni da 'ya'ya.

An ɗebi jinin daga baya, lokacin da aka kai shi a kwance bai san inda yake ba. Lokotoron da ya duba shi ya dube ni ya ce ina muke tun tuni. Mijina ya farfaɗo sau ɗaya, ya kama hannuna, na zaci wasiyyar yara zai yi.

"Kada ki hwaɗa musu sukari ne. Ki ce zazzaɓi."

Haka na ce. A zaman makoki duk wanda ya tambaya na ce zazzaɓi ne mai zafi, gwaji bai nuna komai ba. Mai tebur yana sahun gaba a kan tabarma, da carbinsa. Ya girgiza kai ya ce, "Allahu akbar. Ni dama na sani, mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba."

Sannan ya ce ƙishirwa yake ji. Ni na kawo masa ruwan, na tsaya a kansa har ya shanye. Ban yafe masa ba, kuma ba na neman Allah ya ba ni ikon yafewa.