Ƙyalle Huɗu a Bahra

Talata, daga Jarwal

Na bar unguwarmu Jarwal, a Makka, ƙarfe biyar saura kwata na asuba, bayan na laluba aljihuna sau uku. A ciki akwai riyal goma sha biyu da fararen ƙyallaye huɗu, kamu ɗaiɗai, da na yanka daga tsohon harami. Sai da na tambayi limaminmu ko yankan ya halatta, ya ce babu laifi. Yayana Iro zan je dubawa, mai gadi a wata masana'antar kwali kusa da Bahra, a hanyar Jidda. Matarsa Delu ce ta aiko cewa tari ya hana shi kwanciya, a zaune yake barci, kuma ya hana a faɗa don kada a sallame shi.

A unguwar Hindawiyya na sami babbar mota mai ɗauke da tsofaffin buhunan siminti, can za ta kai su. Direban Basakkwace ne, riyal biyu ya karɓa. Da muka doshi shingen Shumaisi gwiwata ta fara kaɗawa, don ba ni da igama, takardar izinin zama.

"Alhaji, riƙe ƙafar nan," in ji shi. "Askari bai gan ka ba, kai za ka nuna mishi kanka."

Askarin ya leƙa buhuna, ya ce yalla, mu wuce. Ƙarfe bakwai da minti ashirin muka sauka.

Tun daga titi wari ya tare ni, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Takarda suke dafawa a manyan tukwane, baƙin mai suke ƙonawa. Na auna taku hamsin daga bututun hayaƙin zuwa gabas, na ɗaura ƙyalle a sanda. Haka yamma, haka arewa. Na kudu kuwa daidai ƙofar ɗakin kwanon Iro ya faɗa.

"Sani, tun kana yaro kake haka," ya ce, yana tari. "Tsumma ne zai warkar da ni?"

"Ba magani ba ne, Yaya. Shaida ce."

Laraba

Na kwana a tabarma a ɗakinsu, Delu ta yi mana tuwo da miyar kuka. Na zaga da hantsi, da azahar, da la'asar, ina rubuta abin da na gani. A zagaye na biyu na tarar akuya ta cinye na gabas. Raina ya ɓaci, har na so in sake komai daga farko. Delu ta yi dariya ta ce, "Ƙanin miji, shaidu biyu ma alƙali karɓa yake, kai kana da uku."

Alhamis

Na kwance ƙyallayen ƙarfe tara. Na arewa fari, sai ƙura kaɗan. Na yamma ya yi toka-toka. Na ƙofar Iro kamar an share gindin tukunya da shi. Iro ya riƙe hannuna, ya ce in rufa masa asiri. Na ce, "Yaya, ba ƙara zan kai ba. Ɗaki kawai zan roƙa a matsar."

Na shimfiɗa su a teburin mudir, shugaban masana'antar, wani Bahalarame, Balaraben Yaman mai ƙiba, na yi bayani da guntun Larabcina. Da fari dariya ya yi. Sannan ya ɗauki baƙin, ya shinshina, ya waiga ya dubi tagarsa. Ofishinsa ma a kudu yake. Ya kira kafinta.

Kafin la'asar an ɓamɓare ɗakin Iro, an kafa shi a arewa, bayan tankin ruwa. Aikinsa na nan. Da zan tafi na ga kafintan yana auna wurin teburin mudir a gefen ɗakin.

Na iso Jarwal ana kiran magariba. Bayan kwana tara Delu ta aiko da saƙo: tarin bai tafi duka ba, amma yanzu minsharinsa ne yake hana ta barci. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da kuma direban nan da ban ma tambayi sunansa ba.